Sauyin Inji da Abin da Ke Biyo Bayansa

Daga cikin maganganun da mai mota ba ya ƙaunar ji daga bakin bakanike, babu wadda ta kai nauyin a ce masa injinsa ya buga, domin kuwa sauran larurorin mota, kamar birki ya cinye, ko salansa ta huje, ko batir ya yi sanyi, duk abubuwa ne da ake laluba aljihu a biya a wuce, amma wannan kam sai an zauna an yi shawara da iyali, wani lokaci ma sai an taɓa jari ko an kai dabba kasuwa. Idan al'amari ya kai ga haka, hanyoyi biyu ne a gaban mutum: ko dai a kwance injin a yi masa aiki, a sauya ringi da matal, a kai karanshaf wurin masu gurzawa, ko kuwa a sauke shi ɗungurungum a ɗora wani wanda ya riga ya yi aiki a wata ƙasa, irin wanda 'yan kasuwa ke kira beljiyam ko tokumbo. A wannan zamani galibin mutane hanya ta biyu suke bi, kuma tun kafin a gama ɗaure notuna tambayar da ke cin ransu ita ce, shin motar nan za ta koma abin dogara, har a kama hanyar Kano zuwa Maiduguri da ita hankali kwance, ko kuwa wata wahalar aka saya da kuɗi?

Amsa ta gaskiya ita ce, injin da aka sauya yana iya yin shekaru yana hidima bai ba mai shi kunya ba, kuma direbobin haya masu jigila da Golf da Sharan tsakanin garuruwan Arewa sun isa shaida, tun da yake da yawa daga motocinsu sun daɗe da rabuwa da injunan da suka fito da su daga masana'anta, ga su kuma kullum a kan hanya. Amma fa kowa ya san wani wanda ya sauya inji a farkon bazara, kafin damina ta sauka ya sake komawa kasuwa neman wani. Mutane sukan jingina bambancin da ke tsakanin waɗannan biyu ga sa'a, su ce wane ya dace, wane bai dace ba, alhali kuwa in aka bi diddigi za a tarar rabon sa'a a cikin lamarin kaɗan ne. Abin da ya fi yawan halaka inji na biyu shi ne abin nan da ya halaka na fari, wanda aka bar shi zaune daram a cikin motar ba a ko nemi sanin mene ne ba. Misalinsa kamar mutumin da maciji ya sare masa doki, ya je ya sayo wani ya ɗaure a turken nan, bai nemi ramin ya toshe ba.

A da can ba a saurin sauke inji haka. Tun daga 1975, sa'ad da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, har zuwa shekarun da 504 ta zama ita ce motar ma'aikaci kuma ita ce motar haya, inji in ya gaji kwance shi ake yi, domin an ƙera shi ta yadda kowace silinda bututu ne mai zaman kansa, wanda makanikai ke kira silif, ana zare shi a zura sabo tare da fistinsa da ringinsa, kayan gyara na asali kuma suna nan a kantuna. Daga 1986, lokacin da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki darajar naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai ƙasa ta cika da motocin hannu daga waje, tare da su kuma injuna masu saƙar da ta fi ta da tsanani, waɗanda tazarar da ke tsakanin karanshaf da matal ɗinsu ake auna ta da 'yan kaso cikin ɗari na milimita. Irin wannan aiki yana bukatar tsabta da ma'auni, ga gareji a fili iska tana kaɗa ƙura, ga kuma jabun ringi da jabun gaskit sun cika kasuwa. Saboda haka wanda ya ce ya fi amincewa da tsohon injin da hannun masana'anta ya haɗa, ba a taɓa buɗe shi ba, bisa ga wanda aka kwance aka mayar a bakin titi, yana da hujja, kuma ni ma a mafi yawan lokuta ra'ayinsa nake bi.

Injunan nan daga manyan wurare uku suke zuwa. A Japan doka ta wajabta wa kowace motar gida binciken lafiya mai tsada, na farko bayan shekara 3 da sayenta, sa'an nan duk bayan shekara 2, wannan kuwa yana sa mutane su rabu da motocin da ba su wani tsufa ba. Kuma da yake sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa a Nijeriya tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama na hanya da sitiyari a hagu, sai a daddatsa su a turo injunan da rabin gangar jiki, da yawa ta hanyar kasuwar Sharja ta ƙasar Daular Larabawa. Daga Turai kuma ana loda su a tashoshin ruwa irin su Antwerp. Daga Amurka kuwa galibi motoci ne da kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu bayan haɗari. Su sauka Legas ko Kwatano, su bazu zuwa Ladipo da Nnewi, daga nan su haura Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, wasu kuma su nufi Maraɗi da Damagaram. Akwai wani abu a nan da ke ba mutane mamaki in sun ji: injin motar da haɗari ya kashe sau da yawa ya fi na motar da tsufa ya kashe, domin na farkon yana cikin ganiyar aikinsa aka buge shi, na biyun kuwa sai da mai shi ya gaji da shi ya yar. Wanda ake gudu shi ne na motar da ambaliya ta haɗiye, kamar dubban ɗaruruwan da guguwar Harvey ta nutsar a Houston cikin 2017, saboda ruwa in ya kwana a cikin silinda tsatsa ta riga ta kama wurin da ido ba ya gani.

Mas'alar ita ce, inji ba ya zuwa da tarihinsa. Ma'aunin tafiya yana jikin motar da aka daddatsa, takardun sabis ɗinsa sun saura a ƙasar da ya baro, kuma ko shi mai shagon sau da yawa bai san fiye da abin da aka gaya masa ranar da aka buɗe kwantena ba. Har wa yau akwai marasa tsoron Allah da ke ɗaukar injin da ya gaji a nan gida, su wanke shi da fetur, su fesa masa fenti, su cika shi da baƙin mai mai kauri don ya ɓoye ƙara, su jera shi cikin na waje. Don haka injin da ya cika sheƙi abin tuhuma ne, wanda kuma aka ga an shafa masa gam a bakin tof, watau kan injin, ko kawunan notunansa sun sha sifana, to, an taɓa buɗe shi, ko me mai shago zai rantse da shi.

Duk da haka, abin da ke ɓoye bai kai yadda ake zato ba, in mutum ya tafi da bakaniken da ya san aikinsa, wanda kuma ba la'adar da zai karɓa a bayan shago ce ke gabansa ba. A buɗe murfin da ake zuba mai a leƙa, in hali ya yi ma a cire murfin sama gaba ɗaya: ƙarfe mai launin zuma alama ce ta injin da aka riƙa sauya wa mai a kan kari, baƙin dasƙararren datti kuwa alama ce ta sakaci, farin kumfa mai kama da madara kuma yana nuna ruwa ya haɗu da mai. A zare fulogai a jera su, domin kowane ɗaya yana ba da labarin silindarsa. Wanda ya jiƙe da mai, ko wanda ya fi 'yan uwansa haske ƙwarai kamar an wanke shi, duk biyun abin tsayawa ne a yi tambaya. A sa sifana a juya karanshaf da hannu a ji ko yana zagayawa sumul. Mafi girman hujja ita ce awon matsi, watau a ɗaura ma'auni a ramin kowane fulogi a ga ƙarfin da silinda ke matse iska da shi. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada wata silinda ta gaza 'yan uwanta da abin da ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Na'urar ba ta da tsada, amma abin takaici gareji nawa ne za ka shiga ka same ta? Mafi yawa kunne suke sawa, kunne kuwa yana jin matal da ya saki, amma ba ya jin ringin da ya fara gajiya.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan irin wannan ciniki, tun ba a san inji ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a babin ciniki na Risala da Mukhtasar, ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye in ya tarar da tsohon aibi wanda ba a bayyana masa ba, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar. Garantin da masu shago ke bayarwa, na mako ɗaya ko biyu, wani yanki ne na wannan haƙƙi, sai dai gajere ne ƙwarai, kuma kwanakinsa suna fara ƙirguwa tun ranar da aka ɗauki kaya, ko da motar tana kan jak ana jiran wani abu. Mai hankali sai ya sa a rubuta sharaɗin a rasit tare da lambar injin, ya tabbata bakanike ya shirya kafin a ɗauko, sa'an nan ya yi amfani da kwanakin nan wajen gwada motar da gaske, a doguwar hanya da cikin cunkoso, maimakon ya lallaɓa ta yana tsoron kada wani abu ya bayyana. A Amurka masu sayar da irin waɗannan injuna sukan manna wani ɗan ƙarfe a jikinsu wanda ke narkewa in zafi ya wuce kima, domin in an dawo musu da kaya su gane ko laifin nasu ne ko na motar da aka ɗora shi, kuma wannan dabara kaɗai ta isa ta nuna inda su da kansu suka san hatsarin yake.

Hatsarin kuwa zafi ne, fiye da kome. Injin mota an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma abin da ke tsare shi a wannan haddi tawaga ce guda: lagireto, da murfinsa, da tiyoyi, da famfon ruwa, da fanka, da tamostat. Mafi yawan waɗannan ba sa zuwa tare da sabon inji. Na tsohuwar motar ne ake mayarwa. To, idan lagireton da ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya shi ne ya dafa injin farko har tof ɗinsa na alminiyam ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, me zai hana ya dafa na biyu a watan Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato ko Maiduguri ya haura digiri 40, mota na tsaye cikin cunkoso, na'urar sanyaya mota kuma a kunne? Murfin lagireto ma, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, aikinsa babba ne, domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120; in robarsa ta mutu, ruwa ya riƙa tafasa da wuri yana tsiyayewa kaɗan kaɗan, mai mota yana ƙarawa kowace safiya yana ganin al'ada ce. Motar da ake ƙara wa ruwa kullum tana da ciwo, kuma wajibi ne a gano shi kafin a ɗora mata inji.

A nan ne zan saɓa wa makanikai da yawa, duk da girmamawar da nake yi musu. Al'ada ta yaɗu cewa da zarar inji ya iso daga waje sai a cire tamostat a yar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, da hujjar cewa wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Motocin da ake sayarwa sababbi a Makka da Dubai duk da tamostat ɗinsu suke fita, garuruwan nan kuwa masu tsananin zafi ne. Injin da aka hana shi kai wa zafinsa na ƙa'ida, ƙwaƙwalwar mota tana ɗaukarsa mai sanyi ne, sai ta riƙa ƙara masa fetur, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi su ci da wuri. Cire tamostat yana ɓoye alamar lagireto mai ciwo na ɗan lokaci, shi ya sa ake zaton magani ne.

Bayan zafi sai mai. Injin da matal ɗinsa ya narke yakan bar ɓarɓashin ƙarfe a duk inda mai ya bi, wanda fistinsa ya fashe kuma yakan tofa gutsattsari cikin bututun shaƙar iska, saboda haka duk wani sashe da za a ciro daga mataccen inji a ɗaura wa mai rai sai an wanke shi sarai, ko a sauya. Haka nan matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi: in tsohon inji ya shekara yana shan mai, ta toshe, sabon kuma zai riƙa numfashi da ƙyar, ya rasa ƙarfi, ya yi zafi, a ce ai injin ne ba shi da kyau. Sa'an nan a duba irin man da masana'anta ta ambata. Injuna irin na Corolla da Camry da Accord na bayan shekarar 2000 suna da hanyoyin mai ƙanana, kuma da matsin mai suke sarrafa lokacin buɗewar bawul, mafi yawansu an rubuta musu mai marar kauri kamar 5W-30 ko abin da ya yi kusa da shi. Ɗura musu 20W-50 don kawai shi aka saba da shi tun zamanin 504 zalunci ne da ba a ganin sakamakonsa sai bayan shekara.

Ranar ɗora inji rana ce ta rangwame ga wanda ya gane. Yayin da inji ke ƙasa, kowane gefensa a fili yake, sauya robar da ke tare mai a bayan karanshaf aikin 'yan mintoci ne, alhali in an ɗora sai an sake raba inji da giyabos kafin a kai gare ta. Robobin nan kuwa sun bushe, domin injin ya yi watanni a jirgi da sito. Injin da ke aiki da bel na tayimin, kamar na Golf 3, a sa masa sabo tare da abin da ke ɗame shi, tun da babu wanda zai ce ga ranar da aka sauya na jikinsa, kuma a injuna da yawa in bel ɗin ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. Mai mota da ya riga ya zubar da kuɗi masu yawa yakan ce a bar waɗannan sai gaba, kuma daga wannan tsimi ne mafi yawan nadama ke fitowa.

Sai kuma batun dacewa. Kowane inji yana da lambar iyalinsa, kuma ko a cikin iyali ɗaya wanda aka yi don kasuwar Japan yakan bambanta da na Amurka a wayoyi da na'urorin ji, don haka gwanin bakanike yakan ɗauki gangar injin kaɗai ya mayar mata da kayan motar na asali, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da jin harshen da ta saba. Tun 1996 motocin Amurka suke da kafar da ake sa na'ura a karanta abin da ke damunsu, kuma bai kamata mota ta bar gareji fitilar gargaɗin inji tana ci ba, balle a cire ƙwan fitilar. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, sha'awar sauke inji mai silinda shida a ɗora mai huɗu ta ƙaru. Yana yiwuwa, amma sai an sauya ƙwaƙwalwa da wayoyi, sau da yawa har da giyabos, kuma motar da aka yi wa yanke-yanken wayoyi da wuya ta daina ƙananan cututtuka. Akwai kuma aibin gado: injin 2AZ-FE na Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, ya shahara da shan mai saboda ƙirar fistinsa da ringinsa, har kamfanin Toyota ya amsa laifin ya yi wa masu motoci gyara a Amurka. Wanda ya sauke irinsa ya ɗora ɗan uwansa na wannan zubi, kada ya yi mamaki in ya ga yana ƙara mai tsakanin sabis da sabis.

Idan inji ya wuce watanni uku na farko ruwansa bai ragu ba, mansa bai ragu fiye da kima ba, babu shuɗin hayaƙi da safe, allurar zafi kuma tana tsaye wuri ɗaya ko a hawan tudu, to, galibin aibobin da aka saya tare da shi da sun riga sun bayyana, abin da ya rage kuma yana hannun mai mota: sauya mai da filta duk bayan kamar kilomita 5,000, tsabtace matatar iska musamman lokacin hunturu da ƙura ke sauka, da zuba ruwan lagireto na ainihi maimakon na famfo. Sai dai a tuna cewa inji kaɗai aka sabunta. Giyabos, da famfon fetur, da wayoyi, da ƙafafu duk suna nan da shekarunsu, kuma motar da giyarta ta fara santsi, gangar jikinta ta ruɓe, kuɗin inji a kanta asara ce, gara a sayar da ita yadda take a bayyana wa mai saye halinta.

Abu na ƙarshe shi ne takarda. Lambar inji tana cikin takardun mota, ranar da aka sauya shi kuwa takarda da ƙarfe sun saɓa, kuma mutum yana iya shan tambayoyi a shingen bincike ko a kan iyaka, ko ma ya tarar injin da ya saya na motar sata ne. A adana rasit mai ɗauke da lambar sabon injin da sunan shago, a je ofishin rajistar motoci a gyara takardu, a kuma rubuta ranar sauyin da abin da ma'aunin tafiya ya nuna a wannan rana, domin daga nan ne za a riƙa lissafin sabis da sauyin bel, kuma ranar da za a sayar da motar wannan rubutu ne za a miƙa wa mai saye tare da makulli.